Garwar da Barakatu Ta Wanke Sau Bakwai

Tsoro ya fara kama Inna Barakatu ne da hantsin wata Laraba, a lokacin tsinkar auduga na shekarar 1973. Tana durƙushe a bakin tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, tana wanke hannu, sai ta ji wata mata can cikin auduga tana ƙwala wa Gado kira. Ba irin kiran da ake yi wa namiji ya zo ya ɗaga buhu ba ne. Kafin ta miƙe, masu tsinka sun watsar da buhunansu, kowa ya nufi layi ɗaya.

Hadizatu ce ta faɗi, matar Gado. Tana kwance tsakanin itatuwan auduga, jikinta na fizga, yawu na dalala ta gefen bakinta, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf. Wata ta kwance jaririn da ke bayanta ta miƙa wa Barakatu, domin kowa ya san ita ta raini Hadizatu. Barakatu ta karɓi yaron, amma idonta bai tsaya a kan 'yar da ta raina ba. Ya zarce gindin bishiyar da take zama, inda kwandonta yake lulluɓe da tsohon zane. Ba wanda ya lura da wannan kallo. Ita dai ta san ta yi shi, kuma ta san dalili.

Duk wanda ya taɓa aikin auduga a gonakin yammacin garin Hasahisa ya san dakwar Barakatu, wato soyayyiyar gyaɗa da ake niƙewa har ta yi laushi kamar man shanu. Mai tsinka zai fito tun asuba, in rana ta ɗaga ya zo gindin bishiya da kisirarsa, wato siririyar gurasar dawa, Barakatu ta ɗebo masa cokali biyu a 'yar tasa, ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa barkono da gishiri, ya dangwala ya koma aiki. Shekara talatin da wani abu tana wannan sana'a a garinsu, Hillar Gambo, ba a taɓa jin wanda ya ce cikinsa ya ko murɗa ba.

A hanya aka haife ta, wani wuri tsakanin Wadai da Fashir, lokacin da iyayenta ke tafiya Makka a ƙafa daga ƙasar Sakkwato. Guzuri ya ƙare musu a bakin kogi, ubanta ya shiga aikin haƙa a Makwar sa'ad da ake gina madatsar ruwa, da niyyar ya yi shekara ɗaya su wuce. A can aka binne shi. Uwarta Mero ta rage da yarinya da wata baƙar tukunya mai ƙaramin baki wadda ta taho da ita tun daga gida. Da tukunyar nan ta fara sayar wa leburori dakwa, da ita ta ciyar da 'yarta, kuma a gefenta Barakatu ta koyi komai.

Ka'idojin Mero ba su da yawa, amma ba ta yafe ko ɗaya. Gyaɗa sai an tsince ta ƙwaya-ƙwaya, duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna a jefar. Ruwa ba ya kusantar dakwa, ko ɗigo. Cokalin ɗiba na itace ne, wurin ratayarsa daban, ba a lasarsa, ba a ba da aronsa. Tukunya kafin a zuba sai an turara ta da hayaƙi an kife ta a rana. In an zuba sai a danne da kyau kada iska ta sami maɓoya, sannan a malala man gyaɗa a sama, tsayin yatsa biyu, shi ne ke tsare ta daga lalacewa. A rufe da faifai, a rataye a ragaya a gefen ɗakin da rana ba ta duka, a bar ta mako guda ta kwanta. Wadda aka riga aka kwaɓa da lemu da albasa kuwa, a zama ɗaya ake cinye ta, abin da ya rage na kaji ne. Ta ƙarshe ita ce wadda Barakatu ta fi maimaitawa har ta zama kamar kirarinta: dakwa ba ta son ƙarfe.

Ta auri Almu, mai ban ruwa a hawashar wani, wato gonar da hukumar noma ke ba mutum ya riƙe. Ta haihu sau huɗu, duka ta binne kafin yaye. Da ƙawarta Maryamu ta rasu ta bar 'yar shekara uku, Barakatu ba ta tambayi kowa ba, ta je gidan makoki ta goya yarinyar ta taho da ita. Ita ce Hadizatu. Tun tana ƙarama ba abin da take so kamar saman tukunya, inda mai ya haɗu da dakwa. Duk ranar da za a buɗe sabon zubi, cokalin farko nata ne. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, amma ba ta daina zuwa ta miƙo tasa tana cewa, "Inna, nawa na sama." Barakatu kan harare ta ta ce, "Gandamemiya da ke, ba ki jin nauyi," sannan ta ɗebo mata har da ƙari.

Aibin Barakatu ɗaya ne, kuma duk garin an san shi: bakinta. Tsabtarta ba ta tsaya a ɗakinta ba, sai ta bi ta kan kwanukan mutane. Wadda ta fi shan wannan baki ita ce Dije, taubashiyarta, ɗiyar kawunta, mai sayar da mish, nonon nan mai tsami da ake zuba wa barkono da habbatus-sauda a ajiye a tulu. Bishiya ɗaya suke zama, kowace da gefenta, kuma masu tsinka kan ce rabin daɗin abincin faɗansu ne.

"Mai ƙudaje," in ji Barakatu, "yau baƙi nawa kinka sauke cikin tulun?"

"Uwar tsabta, ƙudajena ma sun hi son nawa. Naki ko ƙuda tsoron shi yakai, kar a yi mai wa'azi."

"Ki rantse cokalin ga bai shiga bakinki ba yau."

"Ya shiga. Albarka na sa mishi."

Mutane su yi ta dariya. Amma akwai ranar da wasan ya wuce wasa. Ana sunan wani yaro, Dije ta kawo mish a cikin gwangwanin madara, Barakatu ta ɗaga shi sama a gaban mata ta nuna tsatsar da ke bakinsa, ta ce duk mai son ranta kada ta taɓa. Dije ta yi dariya tare da kowa, amma ta bar gidan sunan kafin a raba abinci. Tun daga ranar sunan "Mai ƙudaje" ya bi ta, har yara na kiranta da shi.

Kwana goma sha biyu kafin Larabar nan, jakin Barakatu ya firgita a kan gadar katako ta tur'a, kaya suka zube, tukunyar Mero ta fashe gida biyar. Ba kowa a wurin. Ta tsince ɓaraguzan ta ƙulle a gefen zane, ta kai ɗaki ta tura ƙarƙashin gado, ba ta gaya wa ko Hadizatu ba. Ta daɗe tana jin mutane na cewa sirrin dakwarta a tukunyar tsohuwa yake, kuma ba ta son ta ji abin da za su ce yanzu. Sabuwar tukunya kuwa ba ta yiwuwa nan take: tana shanye mai, tana sa warin ƙasa, sai an yi wata guda ana shafa mata mai ana turarawa kafin ta karɓi dakwa. Tsinkar auduga ba za ta jira wata guda ba.

A bayan ɗaki akwai wata 'yar garwa mai faɗin baki da murfi, wadda marigayi Almu ya taɓa kawowa yana ajiye ƙusoshi. Ta maganin feshin auduga ce. Irin garewanin nan ba gidan da babu su a garin. Ana tara shara a ciki, ana zama a kansu a sha shayi, har da samarin da suka yi karatun noma suka dawo da takardar shaida, kuma ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce komai. Barakatu ba ta iya karatun boko ba, amma akwai hoton ƙoƙon kan mutum a jikin takardar da ke manne da garwar, kuma ta san ma'anarsa. Ta taɓa jin Almu na cewa an umarci a huda su a binne. Ba za ta iya cewa ba ta sani ba.

Abin da ta dogara da shi hannunta ne. Tun tana yarinya malam ya karantar da su cewa ko kare ne ya sa baki a ƙwarya, wanki bakwai ya isa. In wanki bakwai ya ishi bakin kare, me ya rage? Ta wanke garwar da toka, ta wanke da rairayi, ta wanke da sabulu, da ruwan zafi, da ɓawon lemu, har sau bakwai, tana ƙirgawa da bisimilla. Ta kankare takardar tas. Ta kife ta a kan rufin ɗaki kwana uku. Ta sunsuna, ba wari. Duk da haka ba ta yarda ba, sai da ta cika ta da ruwa ya wuni, ta zuba wa kajinta, ta zauna tana kallonsu. Suka sha, suka ci gaba da tonon ƙasa. Sannan ne ta niƙa babban zubi, ta ɗanɗana a bakin dutse kamar kullum, ta zuba a garwa, ta danne, ta malala mai yatsa biyu, ta bar ta ta kwanta, tana sayar da ɗan abin da take niƙawa kullum a ƙwarya. Ranar Laraba ta buɗe. Da yake ita ce mai cewa dakwa ba ta son ƙarfe, sai ta sa garwar cikin kwando ta lulluɓe, tana zura hannu ta ƙarƙashin zane tana ɗebowa. Cokalin farko, mai man sama, na Hadizatu ne.

Yanzu ga Hadizatu kwance, ga wasu maza biyu sun koma gefe suna amai, ko da yake su suna kan ƙafafunsu. Wani dattijo ya ce a tambaya me suka ci. Aka ce kisira, da dakwa, da mish.

"Mish ne," in ji wata. Ba a ko yi shawara ba, maganar ta zauna.

Dije ta dafe ƙirji. "Ni? Wallahi jiya na ci shi, jikokina sun ci!"

"Ke dai yi shiru, Mai ƙudaje. Tun yaushe ake gaya miki?" in ji matar.

Dije ta juyo ta dubi Barakatu, irin duban mai neman ɗan'uwa a cikin taro. Barakatu ta sunkuya tana jijjiga jariri.

Aka ɗora Hadizatu a amalanken jaki zuwa shafakana, ɗan ɗakin shan magani da ke ƙauyen gaba. Barakatu ta bi su da yaro a baya. Hakim, wato ma'aikacin jinyar wurin, Balarabe ne mai furfura wanda ya daɗe cikin Hausawa har yana jin harshen. Ya ɗaga fatar idon Hadizatu, ya daɗe yana dubawa, ya kira Gado ya nuna masa baƙin idon ya tsuke ya koma kamar bakin allura.

"Wannan ba nono ba ne," in ji shi. "Ta shiga gonar da aka yi wa feshi?"

"Abadan," in ji Gado. "Feshi ya ƙare wata biyu ke nan."

"Ta taɓa magani? Akwai shi a ɗakinku?"

"Babu, ya hakim."

Hakim ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan Barakatu. "Ya Hajja, ke ce mai dakwa? A cikin me kike ajiye ta?"

Bakinta ya buɗe. Sai Gado ya riga ta.

"Hakim, bar wannan. Ita ce uwarta. Duk yankin nan na Jazira ba mai tsabtar Inna. Tukunyarta ta girme ni, ta girme ka."

Barakatu ta sunkuyar da kai. Waɗanda ke wurin suka ɗauka kawaici ne na wadda aka yaba a gaban suruki. Hakim ya yi wa Hadizatu allura, ya rubuta takarda cewa guba ce amma ba a san irinta ba, ya ce likitocin Hasahisa za su fi saurin taimakonta in da an san abin da ta ci. Aka tsayar da lorin auduga, aka shimfiɗa ta a kan buhuna, Gado ya hau. Lori ya tashi kafin azahar.

Da Barakatu ta dawo gari, ta tarar da mata sun cika ƙofar gidan Dije. Uwar Gado ce a gaba. Ta fito da tulun mish ta maka shi da ƙasa, nono ya malala har bakin hanya, kaji suka taru. Dije na tsaye jikin danga tana kallo. Wata ta hango Barakatu ta ce, "Inna, ai kin sha faɗa, ba a ji ba." Barakatu ta ce yaro na son barci, ta wuce.

Ba gida ta nufa ba. Ta koma gona. Rana ta take, ba kowa, buhuna na nan yashe inda aka watsar da su. Ta ɗauki kwandon ta gangara bakin tur'a, ta yaye zanen, ta fito da garwar. Ruwan na da zurfi a nan, kuma garwar na da nauyi. In ta nutse, shi ke nan, gobe sai ta ce tukunya ta fashe a hanya saboda ruɗewa, kuma ba ƙarya ta yi duka ba. Ta ɗaga ta. Sai ta hango can ƙasa, inda ruwan ke gangarawa, wasu mata biyu na cika tuluna, saniya na sha a gefensu. Ta tsaya da garwa a hannu, ta kasa jefawa, ta kasa ajiyewa.

"To, uwar tsabta," aka ce daga bayanta. "Yau kuma ƙarhe ya zama ɗan'uwan dakwa?"

Dije ce, ta zo kwashe ƙorenta da ta bari a gindin bishiya. Gefen zanenta duk nono ne ya bushe. Ta matso ta leƙa garwar, ta dubi inda aka kankare takarda, ta dubi Barakatu. Dariyar da ta fara ta tsaya.

"Ina tukunyar Gwaggo Mero?"

"Ta hwashe."

"Yaushe?"

"Kwana goma sha biyu."

"Kuma wagga ta Almu ce. Ta bayan ɗaki."

"Na wanke ta, Dije. Sau bakwai. Da toka, da rairai. Na ba kaji ruwanta sunka sha, ba abin da ya same su."

"Ni kike gaya ma wanki? Ni da anka hwasa ma tulu ɗazu kina wucewa da goyo?"

Yaron ya motsa a bayan Barakatu.

"Hakim ya tambaye ki?"

"Ya tambaya."

"Kinka ce mi?"

"Ban ce komi ba."

Dije ta zauna a kan gaɓar tur'a. Ta dubi ruwa. Sannan ta ce, "Jefa ta mana. Mi kike jira? Ni sunana ya daɗe da lalacewa, ke kinka lalata shi, ƙari kaɗan ba ya kashe ni. Ba ni gaya ma kowa, wallahi. Amma ki sani, yarinyar ga da anka ɗora bisa lori, ba ni na goya ta ba."

Barakatu ta dubi zanen da take lulluɓe kwando da shi. Tsohon zanen goyo ne, shi ta goya Hadizatu da shi ranar makokin Maryamu. Ta bar shi nan ƙasa tare da kwandon. Ta ɗora garwar a ka, tsirararta, tana ƙyalli a rana, ta kama hanyar gari.

Akwai hanyar bayan gari da ke kaiwa shafakana, ba ita ta bi ba. Ta ratsa ta tsakiya, ta gaban masallaci, lokacin da maza ke fitowa daga sallar la'asar. Mutanen da suka shekara talatin suna jin dakwa ba ta son ƙarfe suka tsaya suna kallo. Ta isa ƙofar gidan su Gado, inda mata ke zaune jugum, ta sauke garwar a gabansu, ta buɗe murfin.

"Ba mish ba ne," in ji ta. Muryarta ta fito ƙarama, sai ta sake faɗa yadda na bayan danga za su ji. "Ba mish ɗin Dije ba ne. Dakwata ce. Cikin garwar maganin heshi na zuba ta. Na sani sa'ad da hakim ya tambaye ni, kuma na yi shiru."

Ba wadda ta yi salati, ba wadda ta zage ta, ita kuwa da zagin aka yi da ya fi mata sauƙi. Uwar Gado ta tashi, ta zagaya bayanta, ta kwance goyon a hankali don kada yaron ya farka, ta ɗauke shi ta shige gida. Barakatu ta ji iska ta bugi bayanta inda gumin yaron ya jiƙa. Ta mayar da murfi, ta sake ɗaukar garwar.

Hakim na rufe taga ta iso, Dije na biye da ita. Ya saurare ta har ta gama, har da wanki bakwai da kaji. Bai ɗaga murya ba.

"Ya Hajja, shi wannan magani ba ya bin ruwa, mai yake bi. Ko sau saba'in kika wanke, yana nan maƙale a haɗin ƙarfen. Ruwan kajinki bai taɓa shi ba. Man da kika zuba ne ya jawo shi, kwana da kwanaki yana jawowa. Wa ya ci na sama?"

"Ita. Kullum ita nike ba."

Ya sa aka juye dakwar a wani rami, ya kife garwar. A gindinta akwai haruffa da lambobi da aka buga cikin ƙarfen, waɗanda rairayi bai iya gogewa ba. Ya kwafe su a takarda, ya dubi agogonsa. Barakatu ba ta san karatun agogo ba, amma ta san lori ya tashi kafin azahar, yanzu kuwa inuwa ta yi tsawo.

"Wa kuma ya saya yau?"

Ta lissafa masa mutum goma sha ɗaya, da sunan kowa da gidansa, har da huɗun da suka ƙulle tasu a ganye don su kai wa iyali. Ya ce ta bi su yanzu. Shi kuma ya hau kekensa ya nufi ofishin gona, inda akwai tarho, don ya karanta wa asibiti abin da ke gindin garwar.

Gida-gida ta bi, tana sallama, tana faɗin magana ɗaya a kowace ƙofa. Dije ce ke riƙe da ƙwaryar da ake zuba ƙullin. A gida na uku maigidan ya ƙi fitowa, ya turo ƙullin ta saman danga. A na huɗu matar ta ce, "Inna, ke?" sannan ta miƙo ƙullin. An samu duka huɗun ba a taɓa ba. Mazan nan biyu ma zuwa washegari sun warware.

Ran Alhamis direban lorin ya biyo da saƙon Gado. Ya ce saƙon hakim ya isa, likita ya canza allura, fizgar ta tsaya. Tana numfashi, amma ba ta buɗe ido ba. Ya ce likita ya tambayi dalilin da ya sa ba a faɗa tun da safe ba. Barakatu ta tambaya ko Gado ya ce a gaya mata wani abu ita. Direban ya ce a'a.

Ta so ta bi lorin, uwar Gado ta aiko a ce mata ta zauna. Saboda haka kullum da safe takan fito bakin babbar hanya, inda motocin Hasahisa ke ɓullowa, ta zauna a ƙasa. Ba ta koma gindin bishiya ba. Ta fito da ɓaraguzan tukunyar Mero daga ƙarƙashin gado ta ajiye su a tsakar gida inda kowa zai gani. A garin an fara huda garewani ana binnewa, ba tare da wani ya yi shela ba, kuma masu yi ba sa son a gan su.

Dije kan kawo mata kisira da rana, da ɗan mish da ta aro wurin maƙwabta, a cikin gwangwanin madara.

"Ci, uwar tsabta. Na kore ƙudajen da hannuna."

Barakatu takan karɓa ta ci, ba ta duba bakin gwangwanin.

Yau Asabar, kwana huɗu ke nan. Motoci uku sun wuce tun safe, ba wadda ta tsaya. Gado bai dawo ba, bai kuma sake aiko kowa ba. Har yanzu ba a san ko Hadizatu ta farka ba.